Lambobi Shida da Juyin Sitata: Karatun Raunin Matsi a Injin Rotari

Wanda ya je sayen tsohuwar Mazda RX-8 a Ingila ko Amurka ko Ostireliya, in ya san kan mota, ba ya farawa da tambayar kilomita nawa ta ci. Takardar gwajin matsi yake nema. Fenti na iya ƙyalli, kujeru kamar ba a taɓa zama a kansu ba, amma darajar motar tana cikin 'yar takardar nan mai ɗauke da lambobi shida, domin idan matsin injinta na rotari ya faɗi, kuɗin gyaransa kan kusa kai kuɗin motar, wani lokacin ma ya zarce. Shi ya sa lambobin suka zama abin fargaba ga mai saye da mai sayarwa. An sha sauke injin da ke da sauran kwana a gaba don kawai an ga ƙaramar lamba, an kuma sha biyan kuɗin injin da ya riga ya mutu don geji ya nuna babba.

A injin rotari, lambar matsi ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Sai an san fuska nawa aka auna, da saurin da sitata ta juya injin, da zafinsa a lokacin, da tsayin garin da aka yi gwajin daga bakin teku. Bayan an tantance waɗannan ne ake duba yadda lambobin suka zauna da junansu, kuma a wannan zaman ne injin yake faɗin inda ke masa ciwo.

Abin da ke riƙe iskar

Injin da muka saba da shi fistan ne ke hawa da sauka a cikin silinda, ringi na tare iska ta gefe, bawul na rufewa ta sama. Na rotari ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Abin da ke cikinsa wani ƙarfe ne mai tsini uku da gefuna masu ɗan tudu, ana kiransa rota, yana zagayawa a cikin gida mai siffar lamba 8 mai kaurin ƙugu. Tsinin nan uku kullum a manne suke da bangon gidan, don haka kowace fuskar rota tana da nata ɗakin, wanda ke faɗaɗa yana tsukewa yayin zagayen. A wani ɓangare na gidan ɗakin ya sha iska da mai, a na gaba ya matse su, fulogi biyu su ba da wuta, sannan ya je ya zubar da hayaƙi. Sandar tsakiya tana yin juyi uku kafin rota ta kammala zagaye ɗaya, wato kowane juyin sanda fuska ɗaya ce ke wucewa ta gaban fulogi.

Injin 13B, wanda ke cikin Mazda RX-7 na baya-baya da kuma RX-8, rota biyu gare shi, kowane ɗaki na cin cc 654, aka rubuta masa 1,308. Rota biyu, fuska uku-uku, ga inda lambobi shida suka samo asali. An haɗa injin ne da faranti biyar: uku na baƙin ƙarfe a gaba da tsakiya da baya, da gidajen rota biyu na alminiyam a tsakaninsu, dogayen kusoshi suka ɗaure su, da zoben roba masu hana ruwan lagireto shiga ɗakin wuta.

Iri uku ne na sil ke tsare matsi. Akwai sil ɗin tsini, ɗan siririn ƙarfe mai kaurin milimita biyu a injunan baya-bayan nan, wanda ke zaune cikin tsaga a kan kowane tsini yana gogar bangon gida. Akwai sil ɗin gefe, uku a kowane ɓarin rota, masu gogar farantin baƙin ƙarfe. Akwai kuma ɗan sil ɗin mahaɗa, mai da'ira, a daidai inda na tsini da na gefe suka gamu. Kowanne da sifirin a ƙarƙashinsa yana turo shi waje, iskar da aka matse ita ma tana shiga ta ƙasa ta ƙara danna shi, shi kuma na tsini ƙarfin juyi yana ƙara manna shi da bango. Na huɗunsu ba ƙarfe ba ne, shi ne ɗan lulluɓin mai da ke tsakanin sil da bango. Injin yana da famfo na musamman da ke ɗiga baƙin mai cikin ɗakin wuta da gangan, ya ƙone tare da fetur, kusan irin abin da muke yi da hannu in za mu zuba wa ƙaramin janareta mai gauraye. Rotari mai shan baƙin mai kaɗan-kaɗan aikinsa yake yi.

Wahalar waɗannan sil tsohuwa ce, tare aka haife ta da injin. Felix Wankel, Bajamushe, shi ya ƙirƙiro tsarin, kuma na farko ya tashi a kamfanin NSU a 1957. Motarsu Ro 80 ta 1967 ta burge duniya, amma sil ɗin tsininta kan cinye da wuri, kamfanin ya yi ta musanya injuna kyauta har aljihunsa ya huje, a 1969 aka haɗe shi da Auto Union a ƙarƙashin Volkswagen. Mazda, a lokacin tana Toyo Kogyo, ta karɓi lasisi a 1961, ta tarar sil ɗin na karkarwa yana barin zane-zane a bangon gida, abin da injiniyoyinta suka laƙaba wa suna yagun faratan shaiɗan. Kenichi Yamamoto da injiniyoyi 47 suka duƙufa a kai, sai da suka samo sil na kabon da aka cusa wa alminiyam kafin motarsu Cosmo Sport ta fito a 1967. Daga nan har zuwa nasarar motar Mazda 787B a tseren Le Mans a 1991, har zuwa RX-8 ta ƙarshe a 2012, maganar rotari ba ta rabu da maganar sil ba.

Alamar da ta fi faɗin gaskiya

Matsi ba ya faɗuwa rana ɗaya, sai dai in wani abu ne ya karye. Yawanci a hankali yake zurarewa, kuma direba ba ya ji a kan hanya, domin da zarar injin ya ɗau juyi, sil sun manne sosai, iska kuma ba ta samun lokacin sulalewa. Motar da matsinta ya raunana tana iya gudu lafiya lau a babban titi. A ƙasan juyi ne asirinta ke tonuwa: silo ya riƙa rawa, ta mutu a tsayawar danja, ta yi nauyin tashi daga tsaye.

Babbar alama ita ce ƙin tashi da zafi. Da safe ta tashi bugu ɗaya. A yi tafiya, a kashe ta a gidan mai, a dawo bayan minti biyar, sai sitata ta yi ta juyi babu amsa, har sai an bar ta ta huce. Makanike da ya saba da injin fistan zai ga abin a baibai, don shi a wurinsa zafi ƙara kama ringi yake yi. A rotari gidan alminiyam ya fi sil ɗin ƙarfe buɗewa da zafi, mai kuma ya tsinke, sai 'yan ƙofofin da lalacewa ta bari su ƙara faɗi.

Duk da haka alama ba ta isa shaida ba. Kwayil da ya gaji, fulogin da ya ƙone, batir mai rauni, sitata mai ja da ƙyar, famfon fetur da ke sanyi in ya ɗau zafi, kowannensu na iya kawo irin wannan hali. RX-8 ta yi suna wajen cin kwayil. Wannan ne dalilin yin gwaji, kada a ɗora wa inji laifin da ba nasa ba.

Gwajin da ya amsa sunansa

Kuskuren farko daga geji yake farawa. Gejin injin fistan yana da ɗan bawul a bakinsa mai riƙe lamba mafi girma da ya samu. A silinda wannan daidai ne, don ɗaki ɗaya ne a bayan kowane ramin fulogi. A rotari kuwa ɗaki uku ne ke bi ta rami ɗaya. Ko da biyu sun mutu murus, allura za ta tsaya a kan lambar na ukun mai lafiya, mai geji ya ce inji garau. Gejin rotari na gaske na lantarki ne, yana rubuta matsin kowace fuska daban, ya kuma nuna juyin da injin ya yi a minti.

Wanda ba shi da irinsa yana da dabara: ya cire ɗan bawul ɗin, ko ya danne maɓallin sakin iska, allura ta riƙa tsalle tana komawa. A juyi 250 a minti bugu huɗu ne da 'yan kai a kowace daƙiƙa, ido ba ya iya bin sa da kyau, sai a ɗauki bidiyo da waya a rage masa gudu. Wannan ba ya ba da lambar da za a kafa hujja da ita, amma yana nuna ko bugun ukun daidai suke. Ko kunne ma yana aiki: a cire fulogi, a juya inji, a saurari hucin da ke fita. Huci uku masu ƙarfi iri ɗaya daban ne da ɗaya mai ƙarfi biyu masu laushi.

Ƙa'idar gwajin a littafin gyaran RX-8 ba ta da wuya. Batir ya kasance cike. A ɗumama inji zuwa zafin aikinsa, a kashe, a ba shi kimanin minti goma salansa ta ɗan huce. A cire fulogi ɗaya-ɗaya daga kowace rota, a zare wayar sensar sandar tsakiya don kada wuta ko fetur su zo. A ɗaura geji, a take totur har ƙasa, a juya na daƙiƙa biyar zuwa goma. A maimaita a ɗaya rotar.

Ma'aunin da Mazda ta gindaya shi ne wannan, duk a juyi 250 a minti: lafiyayyen inji kilo 8.5 a kan kowane murabba'in santimita, wato psi 120. Mafi ƙarancin da aka yarda da shi 6.9, wato psi 98.6; tazara tsakanin fuskokin rota ɗaya kada ta wuce 1.5, tazara tsakanin rota ta gaba da ta baya kada ta wuce 1.0. Waɗannan na Renesis ne, injin RX-8, mai matsi 10 bisa 1. Injin RX-7 mai tarbo na ƙarshe 9 bisa 1 ne, da nasa littafin da nasa iyakokin, kada a auna wannan da sandar wancan.

Raunin da ba na inji ba

Kafin a taɓa sifana, akwai tambayoyi biyar da ya wajaba a yi wa kowace ƙaramar lamba.

Ta farko, da wane sauri aka juya? Wannan ita ce uwar tambayoyin. Matsin rotari yana hawa da sauka tare da juyin sitata fiye da na injin fistan. Injin da ya ba da 6.5 a juyi 190 yana iya fin wanda ya ba da 7.2 a juyi 300 lafiya, domin na farkon in aka mayar da lissafinsa kan 250 hawa zai yi, na biyun kuwa sauka. Littafin Mazda yana da zane na yin wannan gyara, gejin zamani kuma da kansu suke yi. RX-8 na shekarun farko sun zo da sitata mai sanyin juyi, daga baya kamfanin ya fito da mai ƙarfi. Nan kuma akwai tarko: sabuwar sitata mai gudu tana iya tayar da inji mai rauni da zafinsa, mai mota ya zaci ya warke, alhali an rufe ciwon ne kawai. Takardar gwajin da babu adadin juyi a jikinta ba ta da amfani.

Ta biyu, a ina aka yi gwajin? Inji yana matse iskar da ya samu ne, iskar kan tudu kuwa ba ta kai ta bakin teku nauyi ba. A Denba ta Amurka, mai tsayin kimanin mita 1,600, nauyin iska ya gaza na bakin teku da kusan kashi 17 cikin ɗari. A Jos, mai kimanin mita 1,200, gibin ya kai kusan kashi 13. Injin da zai ba da 7.5 a Legas, in aka hau da shi Jos zai nuna wajen 6.5 ba tare da komai ya canja a cikinsa ba. A Legas ya haye, a Jos ya faɗi, sai fa in an yi lissafin tsayin.

Ta uku, da zafi ko da sanyi? Gwajin sanyi kan yi wa rotari kwalliya, ya ba da lambar da ta fi ta gaskiya. Iyakokin Mazda na inji mai ɗumi ne.

Ta huɗu, fetur ya shaƙe shi? Rotari ba ya son a tayar da shi da sanyi a matsa da shi 'yan taku a kashe. Fetur ɗin da bai ƙone ba sai ya kwanta a ɗaki, ya jiƙa fulogi, ya wanke lulluɓin man da ke bango. Inji mai ƙoshin lafiya a wannan hali yana iya nuna lambobi na ban tsoro, sitata ma ta riƙa juya shi fayau kamar babu komai a ciki. Sai an kore fetur ɗin tukun. A RX-8, take totur har ƙasa yayin juyawa yana yanke mai. In abin ya yi tsanani a cire fulogi, a juya, a ɗiga ɗan mai ta ramin. Sai ya tashi, ya yi tafiya, ya ƙone abin da aka zuba, sannan a gwada. Juyin wannan magana kuma shi ne hanyar maguɗi: mai kauri da aka zuba dab da gwaji yana ɗaga lamba na ɗan lokaci.

Ta biyar, kayan aikin da hannun mai aikin fa? Totur a rufe yana hana iska shiga. Bakin geji da bai zauna daidai ba yana yoyo. Doguwar tiyo tana ƙara wa ɗakin faɗi, ta rage lamba. Haka kuma injin da aka gama haɗawa yanzu kan fara da matsi ƙasa-ƙasa, ya riƙa hawa yayin da sabbin sil ke zama da bango, musamman in tsofaffin gidaje aka mayar.

Yadda lambobin ke magana da juna

In an wuce waɗannan tambayoyi, sai a jera lambobin uku-uku a dube su.

Biyu ƙasa, ɗaya sama, misali 2.1 da 2.3 da 7.6: sil ɗin tsini ne. Kowane tsini bango ne tsakanin ɗakuna biyu. Idan na tsakanin fuska ta ɗaya da ta biyu ya karye ko ya maƙale, duk sadda ɗayansu ta zo matsa iska sai ta zurare zuwa maƙwabciyarta. Fuska ta uku, wadda tsini biyu masu lafiya suka yi wa iyaka, ita ke tsira. In tazarar ta yi girma haka, kuma abin ya faru farat ɗaya ana cikin gudu, karyewa ce. In 'yar kaɗan ce, tana iya zama kabon ne ya riƙe sil a tsagarsa, ko sifirin ya saki, ko sil ɗin ya lanƙwashe.

Ɗaya ƙasa, biyu sama: a duba sil ɗin gefe, domin shi fuska ɗaya tak yake tsarewa. Wani lokacin kuma fuskar rotar ce ta loma saboda mummunar fashewar wuta ko wani baƙon abu da ya shiga. A Renesis wannan tsari ba baƙo ba ne, saboda ƙofofin hayaƙinsa a farantin gefe suke, sil ɗin gefe na ratsa bakinsu a kowane zagaye, yana shan zafi da kabon.

Uku duka kusa da sifiri a rota ɗaya: ko tsini biyu sun tafi, ko gutsuren na farko ya zagaya ya kwashe sauran ya kuma ƙwarzane gida. Sai dai a tabbatar ba fetur ne ya wanke wannan rotar kaɗai ba, abin da kan faru in kwayil ɗinta ne ya mutu.

Shida duka ƙasa, kuma daidai wa daida: wannan ko tsufa ne ko kuskuren gwaji, shi ya sa shi ne tsarin da ya fi cancantar a maimaita. In ya tabbata, sil sun cinye bai ɗaya, kuromin da aka shafe bangon gida da shi ya siɗe ko ya fara ɓantarewa ta gefuna, farantan ƙarfe sun yi gurbi.

Rota ɗaya ta fi 'yar'uwarta da fiye da kilo ɗaya: a nan ba a iya kama sitata ko tsayin gari da laifi, don sitata ɗaya ce ta juya su a gari ɗaya. Tazarar da ke tsakanin lambobi ta fi girman lambobin wuyar ruɗi, saboda kuskuren gwaji yakan taɓa su duka tare.

Inji na RX-7 yana ba da wata dama da RX-8 ba ta bayarwa. Ƙofar hayaƙinsa a bangon gidan rota take, don haka in aka kwance bututun hayaƙi ana iya leƙa tsini ɗaya bayan ɗaya da madubi da tocila, a danna kowanne a ji ko sifirin na turo shi.

Me ya cinye sil ɗin?

Gwajin matsi yana faɗin abin da ya lalace, ba ya faɗin abin da ya lalata shi. A motoci masu tarbo babban makashi shi ne fashewar wuta ba bisa ƙa'ida ba, wadda ke zuwa daga fetur mara kyau, ko ƙarancin fetur a kan iska, ko ƙara wa tarbo ƙarfi ba tare da gyara lissafin kwamfuta ba. Injin fistan kan jure wannan ƙwanƙwasa na ɗan lokaci. Sil mai kaurin milimita biyu ba ya jurewa, kuma gutsurensa in ya fita ta ƙofar hayaƙi, fukafukan tarbo yake samu.

A RX-8 mutuwar ta fi zuwa a hankali, kuma sau da yawa sarƙa ce. Kwayil ya yi rauni, wuta ta riƙa tsallakewa, ɗanyen fetur ya wanke bango ya kuma wuce cikin matatar hayaƙi, wadda makanikanmu ke kira indomi. Can ya ƙone ya narkar da ita, ta toshe, zafi ya dawo baya ya gasa sil ɗin gefe da sifirin ɗinsu. Ga kuma kabon da ke taruwa a injin da ba a barinsa ya yi zafi ko ya buɗe murya. Wanda aka ƙera ya kai juyi 9,000 ba ya jin daɗin rayuwar 'yan gajerun aike a cikin gari. Sai batun mai. RX-8 na farko bakin mai biyu ne a kowane gidan rota, kuma da aka sabunta motar a samfurin 2009 an ƙara na uku a tsakiya don tsakiyar sil ɗin tsini ta samu rabonta. A Amurka kamfanin ya tsawaita garantin injin zuwa shekara takwas ko mil 100,000, abin da ya isa nuna girman matsalar. Masu motar da yawa kan zuba ɗan man inji mai bugu biyu a tankin fetur don ƙarin kariya.

Akwai kuma ciwon da gwajin matsi kan tsallake. Idan inji ya taɓa yin mugun zafi, gidan alminiyam na iya murɗewa, zoben robar ruwa ya saki. Lambobi na iya fitowa da kyau, amma ruwan lagireto na raguwa ba a ga inda yake zuba, da safe salansa na fitar da farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi, injin na tashi da ɗingishi har ya ƙone ruwan da ya kwana a ciki, bakin lagireto na ta kumfa. Wannan da famfon gwada lagireto ake kama shi, kuma shi ma sai an sauke inji.

Hukunci

Tsarin aiki daga mai arha ne zuwa mai tsada. A gyara batir da wayoyinsa da sitata. A duba kwayil da fulogi da wayoyin wuta. A tabbatar matatar hayaƙi ba ta toshe ba, famfon baƙin mai kuma yana ɗiga. Sannan a yi gwaji da zafi, a gyara lissafinsa kan juyi 250 da bakin teku.

In lambobin sun ɗan gaza, ko fuska ɗaya ta ja baya kaɗan, ya dace a gwada wankin kabon. Mazda da kanta ta ba dillalanta na Amurka hanyar yin haka da wani ruwan magani da ake jiƙa cikin injin da shi. Wanki yana sakin sil ɗin da ya maƙale, ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye, don haka a sake gwaji bayan an yi tafiya mai ɗan nisa. In lamba ta tashi ta zauna, kabon ne. In ta koma inda take, lalacewa ce.

Injin da ke dab da iyaka, lambobinsa daidai da juna, yana kuma tashi da zafi, ana iya ci gaba da hawansa, a riƙa gwadawa lokaci-lokaci ana ajiye takardun, don saurin saukar lamba ya fi lambar yau faɗin yawan kwanan da ya rage. Amma jinkiri ma da kuɗinsa. Wanda aka buɗe yana kan juyi, sau da yawa gidajensa da rotocinsa na komawa, sil da sifirin da roba kawai za a saya. Wanda aka bari har tsini ya karye kan tafi da gida da rota tare, su ne kuwa masu tsada. Tsarin biyu ƙasa ɗaya sama mai faɗin tazara ba ya jiran shawara. Kowane ƙarin juyi ƙarin ɓarna ne.

Ranar da aka buɗe injin, kada a yi gaggawar zubar da tsofaffin kayan, domin su ne shaidar ƙarshe. Sil da ya tsage tsaf da rota mai loma suna nuna fashewar wuta, sai a bi sawun fetur da tarbo. Sifirin da ya kwanta ya canja launi yana nuna zafi, sai a bi lagireto da salansa. Bango mai zane-zane da sil da ya cinye ta tsakiya suna nuna ƙishin mai, sai a bi famfo da tiyoyinsa. Tsaga cike da baƙin kabon tana nuna raunin wuta da irin tuƙin da ake yi wa motar. Wanda ya ɗora sabon inji a kan tsohon kwayil da toshasshiyar salansa ya kashe maciji ne bai sare kansa ba, kuma abin da ya ci na farkon yana nan yana jiran na biyun.